Tambayoyi da Amsoshi Kan Tarihin Ƙananan Kalmomin Alkibla a Turanci

Duk wanda ya koyar da Turanci a ƙasar Hausa, ko ya zauna ajin koyonsa, ya san inda gizo ke saƙar. Ɗalibi zai haddace kalma mai gaɓa biyar ya rubuta ta daidai, amma ya tsaya cak a gaban *give up* da *give in*. Ƙananan kalmomin nan, irin su *up, down, in, out, off, on, to, over*, su ne ke kayar da mutane. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa a bakin ɗalibai da malamai da masu fassara. Amsoshin suna yawan komawa ga tarihi, domin galibin abin da ake gani kamar rashin tsari a Turancin yau ragowar wani tsari ne da ya shuɗe.

Waɗanne kalmomi ake nufi, kuma aiki ɗaya suke yi?

A ido kalmomin iri ɗaya ne, amma aiki biyu suke yi. Wani lokaci kalmar takan ja suna a bayanta, kamar yadda harafin jarri yake yi a nahawun Larabci: *in the house*, *up the hill*. Wannan ne littattafan Turanci ke kira *preposition*, mu kuma a nan za mu ce masa harafi mai jan suna. Wani lokaci kuma kalmar takan bi aikatau ne, ta ba shi alkibla ko ta sauya masa ma'ana, ba tare da ta ja komai ba: *he went out*, *she gave up*. Wannan za mu kira shi ɗan rakiya.

Akwai hanyar gwaji mai sauƙi. Ɗauki *she looked up the word*, wato ta duba kalmar a ƙamus, ka ajiye kusa da *she looked up the road*, wato ta dubi can saman titi. A jimlar farko ana iya cewa *she looked the word up*, kuma idan aka sa wakilin suna tilas ya shiga tsakani: *she looked it up*. A ta biyu kuwa *up* ba ta rabuwa da *the road*. Ta farko ɗan rakiya ce, ta biyu mai jan suna. Yadda aka yi ɗan rakiya ya sami wannan 'yancin yawo yana cikin amsar da ta yi magana a kan komawarsa bayan aikatau.

Tun asali haka Turanci yake dogara da waɗannan kalmomi?

A'a. Turancin da ƙabilun Angles da Saxons da Jutes suka shigo da shi tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5, wanda ake kira Tsohon Turanci kuma ya kai har wajen shekarar 1100, harshe ne mai li'irabi. Wanda ya yi karatun zaure ya san yadda ƙarshen suna ke sauyawa a Larabci gwargwadon aikinsa a jimla. Haka Tsohon Turanci yake. Kalmar dutse, wadda ta zama *stone* a yau, takan fito a matsayin *stān*, *stānes*, *stāne*, *stānas*, *stāna* ko *stānum*, kowace da aikinta. Ƙarshen kalma shi ke faɗa maka wa ya yi, wa aka yi wa, na wane ne, da me aka yi. Saboda haka wurare da yawa da yau sai an sa *to* ko *of* ko *with*, a wancan zamani ba a bukatar komai.

Haruffa masu jan suna suna nan tun lokacin, amma tare suke aiki da li'irabin. Abin da ya fi muhimmanci ga batunmu shi ne, li'irabi ne ke rarrabe zama da motsi. *On þǣm hūse* na nufin a cikin gidan, *on þæt hūs* kuma zuwa cikin gidan. Harafi ɗaya ne, siffar sunan ce ta bambanta. Baƙin *þ* ɗin nan ana furta shi kamar *th* na yau. Jamusanci har gobe yana riƙe da wannan tsari: *in dem Haus* da *in das Haus*. Abin da ya rage wa Turanci na li'irabi bai wuce irin su *he, him, his* da *who, whom* da kuma *'s* na mallaka ba.

To me ya rushe li'irabin?

Babban dalili daga cikin harshen yake. Masu Tsohon Turanci suna danna gaɓar farko ta kalma da ƙarfi, su sassauta ta ƙarshe. Da tafiya ta yi nisa, wasulan ƙarshen kalma, *a* da *e* da *u*, suka narke suka zama sauti ɗaya maras ƙarfi, *m* ta *-um* ta koma *n*, daga baya ita ma ta faɗi. Da ƙarshen kalmomi suka yi kama da juna, ba su iya rarrabe komai kuma. Nauyin ya koma kan abubuwa biyu: tsarin jeren kalmomi a jimla, da haruffa masu jan suna.

Mutane da yawa suna ɗora alhakin a kan mamayar da William na Normandi ya yi wa Ingila a 1066. Mamayar ta yi tasiri, domin ta kawar da Turanci daga fada da kotu na tsawon lokaci, tsohuwar ƙa'idar rubutu ta mutu, masu rubutu suka koma rubuta abin da kunnensu ke ji. Amma narkewar ta fara kafin zuwan William, kuma ta fi sauri a arewa da gabashin Ingila, inda mutanen Sikandinebiya suka zauna. Akwai tambaya ta musamman a gaba a kan rawar da waɗannan mutane, da ake kira Viking, suka taka.

Daga ina *down*, *away*, *about* da ire-irensu suka fito?

Kashi biyu ne. Akwai tsofaffin da Turanci ya gada tare da 'yan'uwansa harsuna: *in, on, up, out, over, under, to, at, by*. Waɗannan sun girmi Turanci kansa. *Over* 'yar'uwar *über* ce ta Jamusanci da *super* ta Latin. *Out* kuma 'yar'uwar *aus* ce.

Kashi na biyu shi ya fi ba da sha'awa, domin ana iya ganin ɗinkinsa. *Down* ta fito ne daga *of dūne*, wato daga kan tudu. *Dūn* tudu ne, kuma har yau akwai jerin tuddai a kudancin Ingila da ake kira South Downs. Mutum ya sauko daga tudu, *of dūne* ta zama *adūne*, sannan gaɓar farko ta faɗi. Ke nan kalmar da ke nufin ƙasa a Turanci, sunan tudu ce a asali. *Away* daga *on weg* take, a kan hanya. *Beside* daga *be sīdan*, a gefe. *Among* daga *on gemang*, cikin taro. *Back* ta komawa daga *on bæc*, wato baya na jiki. *About* kuwa guda uku aka ɗinke, *on* da *be* da *ūtan*, ma'ana a kewayen waje, shi ya sa ta fara da nufin kewaye kafin ta kai ga nufin game da. Wannan *on* da ta lalace ta zama *a-* ita ce a *ashore, asleep, afoot, alive*, kuma ita ce a *twice a day*.

Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin hanyar da harshensa ya bi ke nan. Kai ya ba mu a kan, ciki ya ba mu cikin, baya ya ba mu bayan, baki ya ba mu bakin kogi, goshi ya ba mu goshin azahar. Harsuna da dama a duniya daga jiki da shimfiɗar ƙasa suke ɗebo kalmomin wuri. Bambancin kawai shi ne a Hausa asalin yana nan a fili, a Turanci kuwa shekaru dubu sun goge shi.

Me ya sa ake da *in* da *into*, da *on* da *onto*?

Wannan ita ce ciko a giɓin da li'irabi ya bari. Da siffar suna ta daina nuna ko zama ake ko motsi, sai aka jingina *to* a bayan *in* don ta ɗauki aikin motsi. *Into* ta riga ta bayyana tun a Tsohon Turanci, ta kuma ƙara ƙarfi bayan li'irabi ya tafi. *Onto* ta makara ƙwarai: an fara rubuta *on to* a rabe a ƙarni na 16, haɗe ta wuri ɗaya kuma ya zo daga baya, har ma wasu editocin Birtaniya sun daɗe suna ƙyamar ta.

Cikon bai cika ko'ina ba. Har yau ana cewa *put it in the box* da *he jumped in the river* alhali motsi ake nufi, kuma *under* da *over* da *behind* ba su sami abokan motsi ba sam. *He ran under the bridge* na iya nufin ya ruga ya shiga ƙarƙashin gada, ko yana ta gudu a ƙarƙashinta. Tsohon li'irabi kan iya warware irin wannan.

Da gaske ne *of* da *off* kalma ɗaya ce?

Ƙwarai kuwa. A Tsohon Turanci *of* na nufin daga, ko rabuwa da abu, kamar a *of dūne* da aka ambata. Idan an furta ta da ƙarfi takan riƙe ma'anar rabuwa, idan an sassauta ta takan koma nuna asali, sannan mallaka. Rubutu ya bi furuci sannu a hankali, bai kuma kammala raba su ba sai a ƙarni na 17. Fassara daga Latin da Faransanci, inda *de* ke yin aikin mallaka, ta taimaka wa *of* ta bazu har ta zama cikin kalmomin da aka fi amfani da su a harshen. Ma'anarta ta farko tana leƙowa a *rob him of his money* da *north of London*. Irin wannan rabuwa ta faru da *to* da *too*, da kuma *through* da *thorough*: abin da aka ratsa daga farko har ƙarshe shi ne aka yi wa aiki tsaf.

Yaushe ɗan rakiya ya koma bayan aikatau?

A Tsohon Turanci akwai hanya biyu ta ƙara wa aikatau ma'ana. Ta farko ɗafa-goshi ne da ba ya rabuwa da shi: *brecan* karyawa, *tōbrecan* farfasawa, *bærnan* ƙonawa, *forbærnan* ƙonewa ƙurmus. Ta biyu kalmomi ne masu zaman kansu irin su *ūt*, *ūp*, *forþ*, waɗanda kan zo gaban aikatau ko bayansa gwargwadon irin jimlar. Ana cewa *hē ēode ūt*, ya fita, amma *þā hē ūt ēode*, lokacin da ya fita, domin a jimla mai dogaro aikatau kan tafi ƙarshe. Jamusanci yana nan a kan haka: *aufstehen*, amma *ich stehe auf*.

Tsakanin ƙarni na 12 da na 13 abubuwa biyu suka haɗu. Ɗafa-goshin, da yake ba a danna su a furuci, suka lalace kamar yadda ƙarshen kalmomi suka lalace. *Ge-*, wanda ya fi kowanne yawa, ya koma *i-* ya ɓace, sai ɗan sawunsa a *enough* da *aware* da *handiwork*. A lokaci guda kuma aikatau ya bar ƙarshen jimla ya zauna kafin karɓau, ya bar ɗan rakiyarsa a baya. Tun daga nan *out* da *up* suka zama masu bin baya.

Akwai shaida mai kyau a littafin tarihin da sufayen wani gidan ibadar Kirista a garin Peterborough na Ingila suka ci gaba da rubutawa har 1154. A labarin shekarar 1132, marubucin ya ce sarki ya sa shugaban gidan ibadar ya *gyuen up* muƙaminsa ya *faren ut of lande*, wato ya fita daga ƙasar. Ga *give up* da ma'anar sauka daga muƙami, ba ɗaga wani abu sama ba, kusan shekara ɗari tara da suka wuce. Duk mai cewa irin wannan magana lalacewar Turancin zamani ce, wannan layi ya ishe shi amsa.

Mutanen Viking ne suka kawo wannan salo?

Sun kawo wasu kalmomin, wannan babu gardama. Bayan harin da suka kai tsibirin Lindisfarne a 793 da babbar rundunarsu da ta sauka Ingila a 865, mutanen Denmark da Norway sun zauna a arewa da gabashin Ingila, suka yi auratayya da mutanen wurin. Harsunan biyu 'yan'uwa ne, tushen kalmomi kusan ɗaya, ƙarshensu ne ya bambanta, kuma masana da yawa na ganin wannan cuɗanya ta gaggauta zubar da li'irabi. Daga harshen Viking aka sami *fro* ta *to and fro*. *Till*, wadda a wurinsu ke nufin zuwa, ta sami gindin zama ta dalilinsu, kuma a arewacin Ingila da Sikotlan an daɗe ana amfani da ita a kan wuri, ba lokaci kaɗai ba. A lura, *till* ta girmi *until*, ba gajarta ta aka yi ba. *Upon* ma ana ganin *upp á* tasu ta ƙarfafa ta.

Game da salon aikatau da ɗan rakiya kuwa, masana sun rabu. Harshen Viking yana da irinsa da yawa, amma Tsohon Turanci ma yana da shi tun kafin su zo, kamar yadda amsar da ta gabata ta nuna. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne sun tarar da abu yana tafiya suka ƙara masa gudu.

Me ya sa *eat up* ba ta da alaƙa da sama?

Wannan tambaya ita ce zuciyar batun, kuma a nan ne mai jin Hausa ya fi ɗalibai da yawa na duniya sa'a. Ka dubi ci da cinye, sha da shanye, saya da saye. Ƙarshen aikatau ya sauya, ma'anar ta zama an yi aikin gaba ɗaya, ba a bar komai ba. Masanin Hausa F. W. Parsons, wanda ya tsara aikatan Hausa aji bakwai a 1960, ya sa irin waɗannan a aji na huɗu. To abin da wannan ƙarshe yake yi a Hausa, shi *up* take yi a *eat up, drink up, buy up, use up, burn up*. Cinye ita ce *eat up*, shanye ita ce *drink up*. Malamin da ya faɗa wa ɗalibansa wannan ya rage musu wahalar mako guda.

Yadda aka yi *up* ta kai nan kuwa, a hankali ne. Aikin nuna kammalawa na ɗafa-goshi ne a da, irin su *for-* da *ā-* da *ge-* da *tō-*. Da suka mutu, 'yan rakiya suka gaje su: *forbærnan* ta zama *burn up*, *tōbrecan* ta zama *break up*. Kuma akwai gada tsakanin ma'anonin biyu. Idan ana zuba ruwa a tulu, sama yake yi har ya cika, saboda haka *fill up* tana ɗauke da hawa da cikawa a lokaci ɗaya. Daga irin waɗannan wurare da ma'ana biyu suka haɗu, ma'anar kai wa iyaka ta balle ta bazu zuwa aikatan da babu hawa a cikinsu.

Sauran ma haka suka yi. *Out* ta tashi daga fita ta kai ga ƙarewa, a *die out* da *run out* da *sell out*, ta kuma kai ga bayyana, a *find out*. *On* ta kai ga ci gaba, a *carry on* da *read on*. *Off* da *away* sukan nuna an raba abu da kai, kusa da abin da Hausa ke yi a zubar da, sayar da, jefar da. Ba duka ne ke bin wannan zare ba. *Put up with* sai hadda. Amma waɗanda ke bin sa sun fi waɗanda ba sa bi yawa nesa ba kusa ba.

Me ya raba *overtake* da *take over*?

Zamani ne ya raba su. Masu ɗafa-goshi, irin su *overtake, uphold, understand, withstand*, suna bin tsohon gini, kuma ma'anarsu ta daɗe da daskarewa. Masu ɗan rakiya a baya, *take over, hold up*, suna bin sabon gini. Da yake kowanne ya yi tafiyarsa daban, ba a iya gane ɗaya daga ɗaya: *upset* ba ta da haɗi da *set up* a ma'ana. A sunaye ma akwai zubi biyu. *Income, outcome, outbreak* na tsohon jeri ne, *breakdown, handout, kick-off, login* na sabo. Sabon ginin ne ke ta haihuwa yanzu, musamman a harkar kwamfuta da wasanni.

Me ya sa *with* a *withdraw* da *withstand* ba ta nufin tare?

Domin ba ma'anarta ta asali ba ce. A Tsohon Turanci *wiþ* na nufin gaba da, ko fuskantar abu, kalmar tare kuwa *mid* ce, 'yar'uwar *mit* ta Jamusanci. A zamanin Turancin tsakiya, wanda ya biyo bayan Tsohon Turanci, *with* ta ture *mid* ta gaje wurinta. *Withstand* tsayawa ce gaba da abu, *withhold* da *withdraw* riƙewa da ja baya ne. *Fight with* har yau tana da fuska biyu, ko yaƙar mutum ko yaƙi a gefensa. *Mid* kuwa ta tsira a *midwife*, ungozoma, wadda ke tare da mace.

Ina *hither* da *thither* suka tafi, kuma me ya sa ba a cewa *go to home*?

Turanci ya taɓa samun jeri uku cikakku. Na zama: *here, there, where*. Na zuwa: *hither, thither, whither*. Na tasowa: *hence, thence, whence*. Abin da Hausa ke cewa nan, zuwa nan, daga nan, kowanne kalma ɗaya ce a wurinsu. Suna nan da rai a zamanin Shakespeare da fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, amma daga baya suka fice daga bakin mutane suka saura a littafi. Dalilin ɗaya ne da na sauran: harshen ya saba ɗora alkibla a kan *to* da *from* da aikatau, ba a cikin jikin kalma ba. *Hence* ta tsira da ma'anar saboda haka, sai *hitherto* da *henceforth* a takardun hukuma.

*Go home* kuwa tsohon kaya ne da ya tsallake. A Tsohon Turanci siffar *hām* ita kaɗai ta isa ta nuna inda aka nufa, kuma maganar ta yi yawa a baki har ba ta karɓi *to* ba. Sai *-ward* ta *toward, forward, homeward*, wadda ke nufin juyawa wajen abu. *-s* ta *towards* ragowar li'irabin mallaka ce da ake maida kalma bayanau da shi, irin ta *always* da *besides*. Duka biyun daidai ne. Amurka ta fi son *toward*, Birtaniya *towards*.

Wanne ya fi zama daidai, *enter* ko *go in*?

Duka daidai ne, wurin zamansu ne ya bambanta. Bayan 1066, kuma daga baya a ƙarni na 16 da na 17 lokacin da malamai suka rungumi Latin, Turanci ya ari dubban aikatau: *enter, descend, return, postpone, extinguish, tolerate*. Kusan kowanne ya tarar da ɗan gida: *go in, go down, come back, put off, put out, put up with*. Na aro suka kama kotu da jami'a da takardar hukuma, 'yan gida suka riƙe kasuwa da ɗaki. Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne, na Latin ɗin ma ginin ɗaya ne. *Exit* a Latin *ex* ce, waje, da *it*, ya tafi. *Postpone* ajiyewa ce a baya. An dai ɗinke su ne tun kafin su iso. Haruffa masu jan suna ma an aro wasu, ko an ƙera su da kayan aro: *across, around, during, except, despite, via*.

Masanin harshe Leonard Talmy ya raba harsuna gida biyu a kan wannan. Wasu suna sa alkibla a cikin aikatau, kamar Faransanci. Wasu suna sa yanayin tafiya a aikatau su bar alkibla ga ɗan rakiya, kamar Turanci: *run out, crawl out, limp out*. Hausa a nan ta fi karkata ga na farko, da shiga da fita da hawa da sauka, shi ya sa mai fassara kan juya jimlar: *he ran out*, ya fita da gudu. Hausa kuma tana da abin da Turanci ba shi da shi, wato *-o* ta fito, shigo, sauko, sayo, wadda ke nuna motsin ya nufo mai magana. Turanci sai ya sauya aikatau ɗungurungum, daga *go out* zuwa *come out*.

A ganina malaman da ke hana ɗalibai *put off* su tilasta musu *postpone* a ko'ina suna cutar da su. Turancin da babu 'yan rakiya a cikinsa yakan fito a sandare. Samuel Johnson ma, a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, ya ce wannan salo ya fi yawa a Turanci watakila fiye da kowane harshe, kuma shi ne ya fi wahalar da baƙi, sannan ya yi ƙoƙarin tattara su a ƙamus ɗin maimakon ya kore su. Sunan *phrasal verb* da ake kiran aikatau mai ɗan rakiya da shi kuwa bai yaɗu ba sai da Logan Pearsall Smith ya yi amfani da shi a 1925.

Kuskure ne a ƙare jimla da harafi mai jan suna?

Ba kuskure ba ne, kuma bai taɓa zama kuskure ba. Tsohon Turanci yana barin harafi a baya a wasu jimloli, kuma a ƙarni na 13 abin ya faɗaɗa har aka sami irin *he was laughed at*, ginin da ba kasafai ake samunsa a harsuna ba. Ƙyamar ta samo asali ne daga marubuci John Dryden, wanda a 1672 ya soki marubucin wasan kwaikwayo Ben Jonson a kan layin *the bodies that those souls were frighted from*, ya kuma koma ya gyara irinsu a nasa rubutun. Ma'auninsa Latin ne, inda ba a yin haka, kuma sunan *preposition* kansa na nufin abin da aka ajiye a gaba. Robert Lowth, a nahawunsa na 1762, ya yarda cewa harshen yana da ƙarfin karkata ga wannan salo, ya ce dai sa harafin a gaba ya fi dacewa da rubutu mai nauyi. Waɗanda suka biyo baya ne suka mai da shawara doka.

*Where are you from?* da *what are you looking at?* Turanci ne tsantsa. Kuma a tuna da bambancin da aka yi a tambayar farko: *up* ta *he gave up* ba ta jan suna, saboda haka ko dokar Dryden ba ta hau kanta ba. Inda mai jin Hausa kan yi tuntuɓe wani wuri ne daban. Hausa ba ta barin harafi shi kaɗai, sai ta sa masa wakilin suna: mutumin da na yi magana da shi. Turanci ba ya son wannan wakilin, *the man I spoke with* kawai ake cewa, ba a ƙara *him*.

To *off the light* da *discuss about* da ake ji a Nijeriya fa?

Ta fuskar tarihi ba baƙon abu suka yi ba. Turancin Ingila kansa ya mai da 'yan rakiya aikatau a *down tools* da *up the price*, kuma *off the light* da *on the fan* wannan hanyar suka bi. *Discuss about* da *request for* sun taso ne daga kwaikwayon sunayensu, *a discussion about* da *a request for*, da kuma makusantansu irin *talk about* da *ask for*. *Cope up with*, wadda ake ji a Indiya ma, ga alama ta ɗauko *up* ɗinta daga *keep up with* da *put up with*. Kwaikwayon makusanci irin wannan shi ne ya haifi yawancin abubuwan da aka bayyana a sama. Ko tsakanin manyan gidajen Turanci biyu ba a daidaita ba: Birtaniya na cewa *at the weekend* da *fill in a form*, Amurka na cewa *on the weekend* da *fill out a form*.

Amma sanin asalin abu daban, abin da mai duba jarrabawa zai karɓa daban. A WAEC da NECO da takardar neman aiki, *switch off the light* ake so, da *discuss the matter*, da *request a form*, da *cope with*. Aikatan aro irin su *discuss, enter, request, emphasise* galibi kai tsaye suke ɗaukar karɓau, ba sa bukatar harafi, sai a wurare ƙalilan da aka sani, kamar *enter into an agreement*, inda ba ɗaki ake shiga ba, yarjejeniya ake ƙullawa.